Makin fim ba hukunci ba ne: misalin Bend It Like Beckham

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in yi gyara a kan wata al'ada da ta kama shafukan nishaɗi na Hausa. Idan aka tashi ba da labarin fim ɗin ƙasar waje, sai a ce masu sharhi sun ba shi kashi kaza cikin ɗari, ya kuma tara dala miliyan kaza, a rufe magana a nan. Mai karatu ya tashi da lambobi biyu a ka, bai san abin da aka auna ba, bai san wanda ya auna ba. Zan ɗauki fim guda in warware shi zare-zare, wato Bend It Like Beckham na 2002, ma'ana "lanƙwasa ta kamar Beckham". Fim ne na ƙwallon ƙafa da aka gauraya da raha da rikicin cikin gida, kuma ra'ayin masu sharhi da na 'yan kallo a kansa sun haɗu a wani wuri, sun rabu a wani.

Ga wanda bai gani ba, Gurinder Chadha ce darakta, 'yar asalin Indiya da aka haifa a Nairobi, ta tashi a Southall da ke yammacin Landan. Labarin wata budurwa ne mai suna Jess, daga gidan mabiya addinin Sikh a unguwar Hounslow, dab da filin jirgin sama na Heathrow inda mahaifinta ke aiki. Tana taka leda da samarin unguwa a fili, sai wata baturiya, Jules, ta gan ta, ta ja ta zuwa ƙungiyar mata. Uwa ta ce atafau, 'ya mace girki za ta koya ta yi aure. Uba ya bi bayan uwa. Jess ta ci gaba da wasa a ɓoye, har ranar wasan ƙarshe ta faɗo daidai da ranar bikin yayarta. Parminder Nagra ce ta fito a Jess, Keira Knightley a Jules, uban kuwa Anupam Kher ne, wanda masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa suka yi wa farin sani.

Mu fara da makin. A shafin Rotten Tomatoes fim ɗin yana da kashi 85 cikin ɗari, a Metacritic kuma 66. Wanda bai san yadda ake lissafin ba zai ɗauka ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure, alhali abu biyu daban suke aunawa. Rotten Tomatoes yana ɗaukar kowane sharhi ya jefa shi a ɗayan kwando biyu, ko ya yaba ko bai yaba ba, sa'an nan ya ƙirga kason waɗanda suka yaba. Da mutum ɗari za su ce fim ba laifi, kowa ya ba shi shida cikin goma, zai iya tashi da kashi ɗari cif, ba tare da ko mutum ɗaya ya ce fim ne na gani na faɗa ba. Metacritic kuwa yana mayar da kowane sharhi maki tsakanin sifili da ɗari, ya fitar da matsakaici, yana kuma ba wasu manyan jaridu nauyi fiye da wasu. To idan ka ga 85 a can da 66 a nan, fassararsa ita ce yawancin masu sharhi sun ji daɗin fim ɗin, amma kaɗan ne suka ɗauke shi gagarumin aiki. Wannan shi ne ainihin matsayinsa a wurinsu, kuma lamba ɗaya tilo ba za ta gaya maka haka ba.

Kuɗin ma sai an yi masa irin wannan karatu. An kashe kimanin fam miliyan 3.5 wajen yin fim ɗin. Ya tara sama da fam miliyan 11 a Birtaniya, sama da dala miliyan 32 a Amurka, a duniya baki ɗaya kuma kimanin dala miliyan 76, wato ya ninka jarinsa fiye da sau goma. Sai dai wannan kuɗin tikiti ne a bakin ƙofa. Masu gidajen sinima suna riƙe wajen rabi, mai rarrabawa ya cire kuɗin talla da na buga kwafi da ladansa, abin da ya rage shi ke komawa ga masu jari. Shi ya sa ƙaramin fim da ya tara miliyan 76 ya fi babban da aka kashe wa miliyan 100 ya tara 150 cin riba nesa ba kusa ba. Idan jarida ta kawo abin da fim ya tara ba ta kawo abin da aka kashe ba, rabin labari ta bayar.

Lokacin fitarsa a Birtaniya ya taimaka ƙwarai, kuma wani ɓangare na wannan dace ne. A ranar 6 ga Oktoba 2001, a Old Trafford, David Beckham ya lanƙwasa bugun tazara a minti na 93 ya farke wa Ingila, aka tashi 2-2 da Girka, ƙasar ta samu gurbin gasar cin kofin duniya. Fim ɗin ya fito ranar 12 ga Afrilu 2002. Kwana biyu kafin nan Beckham ya karye a ƙashin ƙafa a wasan Manchester United da Deportivo, jaridun Ingila suka shafe makonni ba su da zance sai ƙafarsa, ko zai warke kafin gasar ko ba zai warke ba. Ya warke, ya buga, har da wasan da suka tashi canjaras babu ci da Najeriya a Osaka ranar 12 ga Yuni. Fim mai ɗauke da sunansa a irin wannan lokaci ya samu tallar da kuɗi ba ya saye, ya kuma hau saman jerin fina-finan da aka fi kallo a ƙasar tun makon farko.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A Amurka ta 2003 sunan Beckham ba ya sayar da tikiti, ƙwallon ƙafa kuma ba ita ce wasan da ake rububi ba. Kamfanin Fox Searchlight ya fitar da fim ɗin a watan Maris a gidajen sinima shida kacal. Dabara ce sananniya a harkar. A wancan zamani kowane kwafin fim na majigi yana cin dala dubu ɗaya da ɗoriya, ga kuɗin talla, don haka buɗe ƙaramin fim a gida dubu rana ɗaya kasada ce babba. Sai a fara da manyan birane, a duba abin da kowane gida ya tara a ƙarshen mako, a duba kuma ko ya ragu a mako na biyu. Idan ya tsaya ko ya ƙaru, alama ce waɗanda suka kalla suna turo 'yan'uwansu, sai a ƙara gidaje. Idan ya zube da rabi, a tattara a koma sayar da faifai. Wannan fim ya yi ta yaɗuwa, har a watan Agusta ya kai gidaje kusan dubu, bayan Beckham ya koma Real Madrid, Keira Knightley kuma ta yi suna a wani babban fim na Hollywood. Fim ɗin da ya yi wata biyar ana kallonsa a sinima, bakin jama'a ne ya ɗauke shi, kuma wannan shaida ta fi kowane maki da ake dannawa a intanet ƙarfi, domin mutum ya cire kuɗi daga aljihunsa ne.

Me masu sharhi suka kushe? Babban ƙorafinsu shi ne tun minti goma na farko ka san ƙarshen labarin: iyaye za su sauko, yarinya za ta ci ƙwallon da za ta raba gardama. Gaskiya ne, amma ban ɗauke shi babban aibi ba. Duk mai shiga kallon fim ɗin wasa ya san inda za a sauka, hanyar ce yake son gani.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari. An cusa soyayya tsakanin kocin ƙungiyar, Joe, da Jess, alhali Jules ma tana sonsa, ƙawayen biyu suka ɓata a kan namiji. Wannan zare ya fara ne a tafiyar da ƙungiyar ta yi zuwa Hamburg, kuma daga nan fim ɗin ya yi sanyi na kusan rubu'in sa'a, ƙwallo ta koma gefe. Ita kanta tafiyar tana da nasaba da jari: wani ɓangare na kuɗin fim ɗin daga Jamus ya fito, har da asusun tallafa wa fina-finai na Hamburg, irin waɗannan asusu kuwa sharaɗinsu shi ne a zo a kashe kuɗin a yankinsu. Ban da raunana labari, soyayyar koci da 'yar wasan da ke ƙarƙashinsa abu ne da hukumomin ƙwallon mata suke ɗauka da tsanani a yau, domin shi ke zaɓen wadda za ta buga da wadda za ta zauna a benci. Masu sharhi na baya-bayan nan sun fi na 2002 tsayawa a kan wannan, kuma sun yi daidai. Akwai kuma barkwancin mahaifiyar Jules, wadda ta zargi 'yarta da wata alaƙa da Jess da babu ita, an ja shi ya yi tsawo. Iyaye su sani, hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta sa masa shekara 12, a Amurka kuma an yi gargaɗi ga 'yan ƙasa da 13.

Wasu daga cikin 'yan asalin Indiya mazauna Birtaniya sun yi nasu ƙorafin, cewa an mayar da uwar Jess abar dariya, ba ta da zance sai gurasar capati da miyar dankali da farin kabeji da neman miji. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai su ɗin dai su ne suka cika sinimomi, iyali guda har da kakanni, domin ba kasafai suke ganin falonsu a babban majigi ba: hoton Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, a bango, gwaggwanni sun jeru a kujera ana shirin baiko, jirage na ratsawa ta saman rufi.

A nan ne nake ganin 'yan kallo suka riga masu sharhi gano abin. Fim ɗin bai mayar da iyaye mugaye ba. Uban yana da dalili, kuma an bar shi ya faɗe shi. Gwanin wasan kurket ne tun yana Nairobi, da ya zo Ingila turawan kulob suka yi wa rawaninsa dariya suka kore shi, ya ajiye wasan bai sake taɓawa ba. Hana 'yarsa da yake yi tsoro ne kada a yi mata abin da aka yi masa. Kuma an yi matan: a wani wasa abokiyar hamayya ta zage ta da kalmar wariyar launin fata, Jess ta ture ta, alƙali ya ɗaga wa Jess jan kati, uban na zaune cikin 'yan kallo. Saboda haka lokacin da ya sauya ra'ayi a tsakiyar bikin babbar 'yarsa, ya ce ta je ta buga ta dawo, mai kallo ya san tsadar wannan izini a wurinsa. Anupam Kher ya yi wannan fitowa da murya ƙasa-ƙasa, ba kuka ba hargowa. Duk wanda ya taso a gidan da maganar uba ke da nauyi zai gane abin da ya faru, ko a Punjab yake ko a wani wuri. Asisat Oshoala, wadda ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka har sau shida, ta sha faɗa cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba da farko.

Sai ƙwallon kanta, wadda yawancin masu sharhin fim ba su da idon aunawa, 'yan kallo kuwa suna da shi. Ɗaukar ƙwallon ƙafa a fim ya fi ɗaukar dambe wuya. A dambe mutum biyu ne a ƙaramin fili. A ƙwallo mutum 22 ne, wasan ba ya tsayawa, kyawunsa kuma yana cikin tazarar da ke tsakanin 'yan wasa. Idan jaruma ba ta iya ba, darakta ba shi da zaɓi sai ya nuna fuskarta, ya yanke, ya nuna ƙafar wata, ya yanke, ya nuna ƙwallo a raga. Mutumin da ke kallon gasar Firimiya duk Asabar zai gane wannan cikin daƙiƙa biyu. Ma'aunin mai sauƙi ne: a ga fuska da ƙafa da ƙwallo a hoto ɗaya, ba yanka. Chadha ta san haka, ta sa wani koci, Simon Clifford, ya horar da jaruman biyu tsawon makonni kafin a kunna kyamara, ta kuma cike ƙungiyar da 'yan matan da dama can 'yan ƙwallo ne. Shi ya sa fitowar Jess a filin unguwa tana yanke samari ta zauna daram. Har tabon ƙunar da ke cinyar Parminder Nagra, wanda nata ne na gaske tun ƙuruciya, an saka shi cikin labarin a matsayin abin da ke sa Jess jin kunyar gajeren wando.

Inda aka gaza shi ne wasannin gasa. An yayyanka su gutsi-gutsi a kan kiɗa, da wuya ka ga an ƙulla hari daga tsakiya har raga, ba ka sanin wa ke tsaron baya, wa ke gefe. Mai son ƙwallo zai ji wannan giɓin.

Bugun da aka sa wa fim ɗin suna ya cancanci bayani, domin shi ne ƙashin bayan labarin. Katangar 'yan wasa tana tsayawa mita 9.15 daga ƙwallo. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44. Gola yana jera katanga ta rufe kusurwa ɗaya, shi ya tsare ɗayar. Mai bugu da ƙafar dama yana tahowa a karkace, ya dasa ƙafar hagu a gefen ƙwallo, ya doke ta da cikin ƙafa wajen gindin babban yatsa, ƙasa kaɗan da tsakiya kuma ta ɓangaren dama, ya bi ta da ƙafar kamar mai naɗe ta. Ƙwallon sai ta tashi tana juyawa, juyin ya sa iska ta fi matsa ta a gefe ɗaya, ta karkato daga dama zuwa hagu. Wani Bajamushe mai suna Magnus ne ya yi bayanin wannan a 1852. Lanƙwasar ta fi fitowa a ƙarshen tafiya, lokacin da gudun ƙwallon ya ragu, shi ya sa gola ke ganin kamar za ta fita waje sai ta shigo masa. Kurakuran sanannu ne. Ka doki tsakiya, ta tafi sak ta bugi katanga. Ka kwanta baya da yawa, ta haye sama. Ka shafi gefe sosai, ta yi juyi babu ƙarfi, gola ya cafke. Fim ɗin ya ɗauki wannan ya yi abin da ya fi komai kyau a cikinsa. Jess ta ajiye ƙwallo, ta ɗaga kai, sai ta ga katangar ta rikiɗe ta zama 'yan'uwanta mata cikin kayan biki, suna yi mata magiya. Ba ta harba musu ƙwallon a ƙirji ba, ta zagaye su ne ta kai raga. Bayan an tashi, abokan wasanta suka taru a ɗakin sauya kaya suna naɗa mata sari don ta koma wurin biki.

Ana yawan cewa fim ɗin ne ya tayar da ƙwallon mata a Ingila. A yi hattara da wannan. Hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa mata filayen ƙungiyoyinta a Disamba 1921, shekara guda bayan mutum 53,000 sun cika Goodison Park kallon wasan mata, kuma haramcin bai tashi ba sai bayan shekara hamsin. Hukumar ta karɓi ragamar ƙwallon mata a 1993, yawan 'yan mata masu wasa yana ta hawa tun kafin 2002. Fim ɗin ya tarar da tafiya ce ya ƙara mata gudu. Ƙarshensa ma ya nuna halin da ake ciki a lokacin: burin Jess da Jules shi ne Amurka, jami'ar Santa Clara ta Kalifoniya, wadda da gaske ta ci kofin jami'o'i na mata a 2001. Gasar ƙwararrun mata ta Amurka da Jules ke mafarki, WUSA, ta durƙushe a Satumba 2003, fim ɗin bai gama fita daga sinimomin ƙasar ba. A Ingila kuma, Fulham, wadda ta fara biyan mata cikakken albashi a 2000, ta janye a 2003. Sai 2011 Ingila ta kafa sabuwar gasar mata, sai 2018 ta zama ta ƙwararru zalla, sai 2022 mutum 87,192 suka shaida Ingila ta doke Jamus 2-1 a Wembley ta ɗauki kofin Turai. Har yanzu kuma 'yan mata 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangladesh ba su taka kara sun karya ba a manyan ƙungiyoyin ƙasar. Irin su Jules sun samu hanya, irin su Jess da sauran aiki.

Ta fuskar kyaututtuka, ya shiga takarar BAFTA da Golden Globe bai ci ba, amma ya ci kyautar 'yan kallo a bikin fina-finai na Locarno a 2002. A ranar 26 ga Disamba 2010 gidan talabijin na Koriya ta Arewa ya nuna shi, bayan an rage shi daga minti 112 zuwa 104, a 2015 kuma aka mayar da shi wasan daɓe mai waƙoƙi a Landan.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne duk lokacin da shafinku zai kawo labarin karɓuwar fim, a faɗi shafin da ya ba da makin da adadin masu sharhin da aka ƙirga, a ajiye kuɗin da aka kashe kusa da wanda aka tara, a faɗi gidajen sinima nawa aka buɗe da shi da makonnin da ya yi, a kuma ware layi biyu ko uku a gaya mana takamaiman abin da aka yaba da abin da aka kushe. Idan fim ɗin wasa ne, a miƙa wa wakilinku na wasanni ya kalla tare da na nishaɗi kafin a buga.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum